Dala ɗari ta tike ce ta fi ƙarfinmu?

Yau da kanmu za mu yi faɗa, don haka kowa ya yi haƙuri.

Ran asabar da ta wuce, bayan sallar isha'i, munka je kallon teyatur a gidan matasa da al'adu na garinmu. Kuɗin shiga dala ɗari kacal. Mun iske cunkoso bakin ƙofa, har munka ce madalla, wasa ya dawo da daraja. Ashe masu neman shiga kyauta ne. Wannan ya ce ɗan uwan mai wasa ne, wancan ya ce shi ɗan jarida ne, wani kuma babbar riga ce kawai tiken nasa. Da munka shiga ciki, kujeru sun fi mutane yawa.

Yaran sun yi wasa mai kyau a kan tsadar aure, mun yi dariya har da hawaye. Amma da an tashi, shugabansu ya ce mana abin da ya shigo bai biya hayar lasifika da man janareto ba, balle kuɗin kabu-kabu da ƴan wasa za su koma gida.

To, mi ya same mu? Mu ne fa muke zama fada kullum muna cewa al'ada ta mutu, gomnati ta yi watsi da masu fasaha. Gaskiya ne, akwai gyaran da ke wuyan mahukunta. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dala ɗarin da muke ƙyashin ba mai tike, ita muke sa wa forfe a ƙone cikin dare guda wajen kallon TikTok. Ranar biki kuma, a wanga zaure ɗin dai, jika nawa muke liƙa wa mawaƙi don a kira sunanmu?

Wasu na cewa teyatur shashanci ne, ba ya cancanci kuɗi. Su tambayi iyayenmu. Zamanin samariya, lokacin mulkin Seyni Kunce daga 1974 zuwa 1987, da wasan kwaikwayo ake faɗa wa jama'a abin da ba ya faɗuwa a taro: auren dole, cin hanci, barin gida a tafi cirani. Wa ya manta Yazi Dogo da ƙungiyarsa? Wa ya manta teyatur na gidan radiyon Damagaram? A Yamai, babban gidan al'adu yana ɗauke da sunan Umaru Ganda, wanda a 1972 ya ciyo wa Nijar babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, shi ne na farko da ya taɓa samun ta. A Tawa ana gasar kiɗa da sunan Ɗan Gurmu. Waɗannan mutane duk a gaban ƴan kallo suka girma. Yaron da zai gaje su yana nan cikin unguwanninmu, amma in ya ga wasa ba ya ciyar da shi, zai ajiye ya kama tuƙin kabu-kabu, kuma ba mai ganin laifinsa.

Akwai masu cewa talauci ne. Mun yarda, rayuwa ta yi tsada, wanda bai da na tuwo ba mu ce ya sayi tike ba. Sai dai masu rigima bakin ƙofa ran nan ba talakawa ba ne. Da mota suka zo. Ƴan makaranta kuwa sun haɗa kuɗinsu sun biya, ba gardama.

Ga abin da muke roƙo. Manya su daina neman katin gayyata, in suna son girma su sayi tike goma su raba wa yaran unguwa. Masu kula da waɗannan gidaje su ware ko dare ɗaya a wata don wasa, kar biki da taro su cinye dukkan ranaku. Mu kuma kowace fada ta ɗauki kuɗin shayin dare guda ta je kallo tare, mu biya kafin mu tafa.

In ba haka ba, ranar da aka mayar da dandalin wurin ajiyar kaya, kar kowa ya zo nan yana kuka. Ku faɗa mana, yaushe rabonku da sayen tike a garinku? Allah ya sa mu gyara.