Mazari da malam-buɗe-littafi: mu dube su, mu bar musu tabki



Ruwa ya sauka, an yi shuka. Tabkuna sun fara cika tun daga Matankari da Dogon Dutsi, har Kore Mairuwa, Tibiri da Gesheme. Wanda ya bi ta bakin Tabkin Saw da hantsi a watan Yuni zai ga baƙi iri biyu sun iso: mazari yana shawagi bisa ruwa, malam-buɗe-littafi kuma ya taru a kan laka. Yau a kansu za mu yi magana. Mun san wasu za su yi dariya, su ce magidanci da gemunsa ba ya kallon ƙwari. To, a yi haƙuri a karanta, domin zancen ya shafi lafiyar ƴaƴanmu da kuɗin aljihunmu.

Mu fara da mazari. Ba ya harbi, ba ya cin hatsi, ba ya cin wake. Abincinsa sauro ne da ƙudaje da sauran ƙananan ƙwari, kuma a sama yake cafke su. Idan kun ga yana tsoma wutsiya cikin ruwa yana tashi, mace ce take zuba ƙwai. Ɗan da ke fitowa daga ƙwan ba shi da fiffike. A cikin ruwa yake zaune, yana farautar ƴaƴan sauro da ƙananan talibambam. In ya ƙosa sai ya hau karan ciyawa, bayansa ya tsage, mazari ya fito. Ku duba ciyawar bakin tabki da sassafe, za ku ga busasshiyar rigar da ya tuɓe tana manne.

Akwai wani mazari mai ruwan ɗorawa da ke zuwa da yawa tare da hadarin farko. Matafiyi ne, iskar damina yake bi. Ɗansa yana girma cikin kwana 40 zuwa 60, shi ya sa yake iya haihuwa a tabkin da ke ƙafewa da kaka. Masana sun gano cewa irinsa yana ƙetare teku daga Indiya zuwa gabashin Afirka.

Yanzu mu yi lissafi. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo, wajen kwana 10 ne. Daga ƙwai zuwa mazari, fiye da wata guda ne. Idan guba ta shiga tabki, duka biyun za su mutu. Amma wa zai riga dawowa? Sauro. Zai dawo ya tarar babu mai farautarsa, ya hayayyafa yadda yake so.

Ta ina guba ke shiga? Bara, a kan hanyarmu ta zagayen cibiyoyin yaƙi da jahilci, mun tsaya a wani ƙauye. Mun tarar da wani mai garka ya gama feshin tumatir, yana ɗauraye famfon feshinsa cikin tabki. Taki kaɗan daga wurin, shanu suna sha, wata yarinya tana cika tulu. Da muka yi masa magana sai ya ce ai ruwa mai yawa ba ya ƙazanta. Ba mugun mutum ba ne. Kwalbar da ya sayo a kasuwa ba ta da rubutun da zai iya karantawa, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa. Mu ma mun ji kunya, domin ɗalibinmu ne, kuma ba mu taɓa kawo wannan darasi a aji ba.

Ra'ayinmu shi ne: kada a wanke famfon feshi ko kwanon haɗa magani a tabki ko a bakin rijiya. A ɗebi ruwa a guga, a je nesa, a wanke, a zuba ruwan wankin a cikin gonar da aka fesa. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada a mayar da ita ta zuba mai ko gishiri. Kafin a sayi piya-piya ko wani maganin da aka ɗura a kwalba marar suna, a nemi shawarar malamin gona.

Kada kuma wani ya ce tun da akwai mazari ya huta da sauro. Sauron da ke kawo zazzaɓi ya fi son ƙananan ruwaye masu shan rana: ramin da aka haƙa aka yi tubali, da sawun kofaton shanu. Yawancin irin waɗannan wurare ƴaƴan mazari ba su cika zama ciki ba, aikinmu ne mu cike su da ƙasa. Kowa ya kwana cikin sange. Tun 2013 ake raba maganin rigakafin zazzaɓi na damina a Nijar ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5. Idan masu rabo sun zo, a ba yaro kashin rana ta biyu da ta uku kamar yadda aka faɗa.

Sai malam-buɗe-littafi. Sunansa kaɗai ya isa mu masu karatun manya mu so shi. Abin da ke tara su a kan laka gishiri ne da ke cikin danshi, shi suke tsotsa. Kowane iri yana da itacen da yake yi wa ƙwai. Fari mai ɗan kore-kore, tsutsarsa ganyen tafasa da rai-ɗore take ci. Mai ruwan goro da baƙin baki, wanda ke tafiya a hankali kamar basarake, a kan tumfafiya ya girma. Dafin tumfafiya ya zauna a jikinsa, shi ya sa tsuntsaye ba su son cin sa. Fari mai baƙaƙen jijiyoyi kuwa na anza ne da jiga. Inda aka sare anza, shi ma sai ya yi wuya. A Satumba da Oktoba wani mai dabbare-dabbare yana isowa daga Turai, ya ƙetaro Bahar Rum da Sahara don ya hayayyafa a ƙasashenmu.

Manomi zai ce: ai tsutsa ɓarna take yi. Da gaskiyarsa, amma a bambance. Murzuna mai cin zangarniyar hatsi, uwarta da dare take yawo, ba ta cikin masu taruwa a bakin tabki da rana. Masu bincike na INRAN a Maraɗi suna yaƙar ta da wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai kama da zanzaro, wanda ke yin ƙwai a jikinta, kuma feshin guba yana kashe shi. Cikin na rana, wanda za a sa wa ido shi ne babban nan baƙi mai ɗigon rawaya. Tsutsarsa tana cinye ganyen dashen lemu. Wannan ma hannu ya ishe ta: a tsince ta da safe.

A ƙarshe ga aikin da muke roƙo. Kowace shekara ana rufe aji idan damina ta kama, kuma idan aka dawo sai mu tarar wasu haruffa sun gudu. Kowa ya ware shafi ɗaya a littafinsa. Ya rubuta sunan tabki, ranar da ya cika, ranar da ya fara ganin mazari, launinsa, da ranar da ruwa ya ƙafe. Layi ɗaya a mako ya isa. Yara za su taya mu ƙirga, amma su tsaya a tudu, domin ruwan tabki mai katantanwa shi ke kawo tsargiya. Idan an buɗe aji da rani, kowa ya zo da shafinsa, mu gwada na Kiyeshe da na Dumega mu ga inda mazari ya fi yawa.