Burushin folima da kuskuren auna gishiri da mudu ɗaya

Akwai wata ɗabi'a da ta zama jiki a ɗakunan gwaje-gwaje. Sai a dasa sarƙoƙin folima masu caji a kan faranti, kowace da gindinta a kafe kamar gashin burushi, a tsoma su cikin ruwan gishirin miya, a auna santsinsu, sannan a shelanta cewa an samo abin shafe gaɓoɓin roba na jikin ɗan Adam. Wannan gaggawa ce.

Ka'idar da ake dogaro da ita ba ƙarya ba ce. A 1991 Philip Pincus ya bayyana cewa ayon-ayon masu kishiyar caji suna maƙalewa cikin burushin, su jawo ruwa, su miƙar da sarƙoƙin tsaye. Gishiri kaɗan ba ya taɓa tsayinsu. Sai yawansa a waje ya zarce na ciki burushin yake fara kwantawa, a hankali kuma: gishiri ya ninka sau takwas kafin tsayi ya ragu da rabi. A 2003 ayarin Jacob Klein ya nuna irin wannan shimfiɗa tana rage gogayya ƙwarai.

Sai dai duk wannan lissafi ya ginu ne a kan ayon mai caji ɗaya, kamar sodiyam. Ayon mai caji uku, irin su lantanam, yakan kama sarƙoƙi biyu ko uku lokaci guda ya ɗaure su. Burushin ya dunƙule, fuskokin da ke tunkuɗe juna su koma mannewa. Ayarin Matthew Tirrell na Jami'ar Chicago ya nuna a 2018 cewa ɗan kaɗan na irin waɗannan ayon ya isa ya lalata santsin. Ga shi kuwa jini da ruwan gaɓa da ruwan teku duk ɗauke suke da kalsiyam da magniziyam, masu caji bibbiyu.

Ko a cikin masu caji ɗaya ma, girma yana da tasiri. Fakulorat, babban ayon da ba ya riƙe ruwa sosai, yakan manne wa burushi mai cajin fozitib ya kori ruwan cikinsa, abin da kulorayid ba ya yi. Tun 1888 Franz Hofmeister ya lura a Firag cewa gishiri daban-daban ba sa yi wa furotin ɗin ƙwai aiki iri ɗaya. Shekara fiye da ɗari da talatin ke nan, amma har yau ana fitar da rahotanni da lamba guda ta ƙarfin gishiri, ba tare da an gwada ayon ɗin da shimfiɗar za ta haɗu da su a gwiwar majinyaci ba.