An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Raddi Ga Masu Wa'azin Signal

Ran wata Asabar cikin hutun da ya wuce, wani abokina ya ja ni zuwa taron ƙara wa juna sani da wata ƙungiya ta shirya a wani otal da ke Nassarawa GRA. Ɗaki ne mai sanyi kamar cikin randa, ga ruwan gora, ga intanet kyauta. Mai jawabi, wani matashi ɗan gayu, ya shafe sa'a biyu yana zuba Ingilishi a kan yadda ake leƙen asirin mutane ta wayar salula, sa'an nan ya rufe da cewa maganin abin ɗaya ne tak, watau kowa ya rabu da WhatsApp ya koma Signal. Da wata baiwar Allah ta ce masa ai ita ta taɓa shiga ba ta iske kowa a ciki ba, sai ya yi murmushi ya ce matsalar mutanenmu ke nan, ba su san darajar sirrinsu ba. Aka yi ta tafi. Ni dai ban tafa ba, kuma dalilin ƙin tafawar nan tawa shi na kawo wa wannan mujalla.

Kada mai karatu ya zaci ina cikin masu cewa su ba su da abin ɓoyewa. Duk ɗalibin da ya faɗi haka, to, ya miƙo wayarsa in karanta hirarsa da budurwarsa a gaban aji. Bahaushen da ya gina soro, ya zagaye gida da katanga, ya rataya labule a ƙofar ɗaki, ba shi ne za a koya wa ma'anar sirri ba. Barazanar kuwa gaskiya ce. Tun Disambar 2020 aka tilasta wa kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, saboda haka lambar wayarka sunanka ce. A Yulin 2021 jaridu suka ruwaito cewa cikin ƙwarya-ƙwaryar kasafin kuɗin shekarar an ware wa hukumar leƙen asiri ta NIA kimanin naira biliyan 4.8 don sauraren wayoyi, har da kaso na musamman domin WhatsApp. A Yulin 2024 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta ci kamfanin Meta, mai WhatsApp, tarar dala miliyan 220 saboda yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya.

Haka kuma ban ƙi Signal ba, lalle manhaja ce ta kirki. Makullin da take kulle saƙo da shi, yadda ba mai buɗewa sai wanda aka aika wa, shi WhatsApp ya ara ya gama sanya wa jama'arsa a 2016. Bambancinsu yana kan ambulan. Duk biyun ba sa karanta wasiƙar, amma WhatsApp yana iya riƙe abin da ke bayan ambulan: wa ka rubuta wa, yaushe, da wace waya. Ita kuwa Signal, da hukumomin shari'a a Amurka suka nemi bayanan wani mai amfani da ita a 2016, abin da ta iya miƙawa shi ne ranar da ya yi rajista da ranar da ya leƙa ta ƙarshe. Wannan abin yabo ne.

To, in haka ne, me ya hana mutane komawa? Ai sun koma, sun dawo! Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna Janairun 2021, sa'ad da WhatsApp ya ce kowa ya amince da sababbin sharuɗɗansa kafin 8 ga Fabrairu. Duniya ta ɗauki ɗumi, attajirin nan Elon Musk ya ce a koma Signal, mutane suka yi tururuwa har na'urorinta suka sume ran 15 ga wata, WhatsApp ya ɗage wa'adi zuwa 15 ga Mayu. Ina sakandare a lokacin, kuma ina cikin masu ƙaurar. Na shiga na iske mutum uku: wani yayana da ke karatu a waje, da wasu biyu da ba na ko gaisawa da su. Na yi sallama, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Bayan sati biyu wayata ta cika, na duba abin da zan goge, ba sai na faɗa ba.

Abin da ɗan gayun Nassarawa ya kasa ganewa shi ne, manhajar saƙo kasuwa ce, kasuwa kuwa da mutane take ci. Ka gina rumfuna masu ƙyauren ƙarfe a bayan gari, ka zuba masu gadi, muddin 'yan Kantin Kwari ba su tashi ba, kai ma Kwari za ka je sayen yadi. Mahaifiyata ba ta karatun boko, da saƙon murya take nemana, kuma da ƙyar aka koya mata inda za ta danna. In ce mata ta sake sabon koyo don me? Wakilin ajinmu a WhatsApp yake sanar da an ɗage lacca. Can ake sanarwar rasuwa, can ake gayyatar ɗaurin aure, can tela yake turo hoton ɗinki. Wanda ya fita bai sami sirri ba, kaɗaici ya samu, ga kuma makara a jarrabawa.

Sai batun kuɗi, wanda ba a jin zafinsa a ɗakin da intanet take kyauta. A Janairun 2025 hukumar NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Ɗalibi da yawa yana rayuwa ne da ɗan ƙunshin data mai rahusa da kamfanonin waya ke sayarwa domin WhatsApp da Facebook, ni kuwa ban taɓa cin karo da irinsa domin Signal ba. Ga wayoyinmu ƙanana, wasu ma na hannu ne, wata wayar kuma mutum uku ke amfani da ita a gida ɗaya. A garin da ƙwacen waya ya zama ruwan dare, shekara da shekaru wanda aka ƙwace wa waya ya yi bankwana da duk saƙonninsa na Signal, sai fa in ya kwafe ajiyarsu a wani wuri, ya kuma adana wasu lambobi 30. Sai a 2025 suka fara kawo ajiya ta intanet. Da can kuma a wayoyin Android mutum na iya karɓar saƙon tes na yau da kullum a cikinta, abin da kan sa ya riƙa buɗe ta kowace rana. A 2022 suka sanar za su cire wannan, suka kuwa cire. Wanda ya tsara waɗannan abubuwa bai taɓa kai wayarsa caji shagon bakin titi ba.

Wani abin da ya fi ba ni haushi shi ne, duk cikin sa'o'i biyun nan ba a taɓo ƙofar da asirinmu ya fi fita ta cikinta ba. Da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya taɓa shiga uku a unguwarmu saboda saƙo, ba wata na'ura ce ta fasa makulli ba. Aboki ne ya ɗauki hoton hirar ya tura gaba. Ko a kira mutum a ce an turo masa lambobi shida na wani taro, ya karanto, a ƙwace masa WhatsApp a shiga roƙon kuɗi da sunansa. Ko ya kai waya gyara kasuwa ya bar ta a buɗe har da lambar sirri. Ko yarinya ta ɗora GBWhatsApp, jabun da ba a san wanda ya ƙera shi ba, don kawai ta ga saƙon da aka goge. Ba a nan kaɗai ba: a Maris na 2025 manyan jami'an tsaron Amurka suna shirya kai hari Yaman a cikin Signal ɗin nan, sai ga shi da hannunsu sun saka editan mujallar The Atlantic, Jeffrey Goldberg, a cikin zauren, yana karanta kome. Makulli bai karye ba, maigida ne ya shigo da baƙo har ɗaka. Su kuma 'yan'uwana da suka gudu Telegram suna ganin sun tsira, su sani hirar yau da kullum da ta zauruka a can ba ta da irin wannan kulle, sai mutum ya zaɓi hirar sirri da kansa.

Yanzu bari in juyo gida, don mu ma ɗaliban Hausa da malamanmu ba mu fita ba. Yaya ake ce wa wannan kullen saƙo da Hausa? Tambayi mutum biyar a sashenmu ka ji amsa biyar, ko ka ji an tsere cikin Ingilishi. Ga shi kuwa muna da zaurance, wanda yara ke cusa gaɓoɓi cikin kalma don bare ya ji sauti ya rasa ma'ana. Ka ce wa tsohuwa wayarta tana juya maganarta zuwa zaurancen da wayar ɗanta kaɗai ke ji, nan take ta gane abin da mai jawabinmu ya kasa fahimtar da mu da allon majigi. Magabatanmu sun zauna sun fitar da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi a 1990, Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Mu me muka ƙara? Ina kira ga wannan ƙungiya tamu ta zauna da 'yan sashen kwamfuta a wannan zango, a tsayar da kalmomin, a naɗi gajeren bayani da murya: yadda ake sa wa WhatsApp lambar tsaro ta biyu, yadda ake sa saƙo ya goge kansa, abin da za a yi kafin a miƙa waya gyara, da irin maganar da ta cancanci a ɗauke ta zuwa Signal, kamar ta ɗan jarida da mai ba shi labari, ko ta lauya da wanda yake karewa. A bar wa mutane kasuwarsu, a koya musu ɗaure lalita.

Da aka tashi daga taron nan na Nassarawa, na bi mai jawabi har bakin motarsa, na roƙe shi ya ba ni takardar da ya gabatar don in nuna wa 'yan ajinmu. Ya ce ba kome, in ba shi lambata, da daddare zai turo mini ta WhatsApp.