Ra'ayi: A Bar Majinyaci Ya Yi Dariya

Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibiti na tsawon makonni ya san yadda abin yake. A makon farko 'yan dubiya kan yi ta tururuwa da kuloli da lemo. Zuwa mako na uku sai ƙafa ta ɗauke, a bar majinyaci daga shi sai mai jinyarsa. Wanda ma ya kira a waya, maganar ba ta wuce "Sannu, ya jiki?" "Da sauƙi." "Allah ya ƙara sauƙi." Daga nan sai shiru.

Addu'a ce mai kyau, babu mai raina ta. Amma wanda ya ji ta sau ashirin a yini, sau ashirin ke nan aka tuna masa ciwonsa. Shi ya sa nake ba 'yan'uwa da abokai shawara: idan kun kira majinyaci ta bidiyo, bayan gaisuwa ku ɗan yi wasa da shi.

A shekarar 2020, lokacin kullen korona, mutane a ƙasashe da dama suka koma haɗuwa ta Zoom da WhatsApp suna wasan cankar kalma. A shekarar ce WhatsApp ya ƙara yawan masu shiga kira ɗaya daga mutum 4 zuwa 8. Wasan ba shi da wuya. Za a tura wa mutum ɗaya kalma a ɓoye, misali "rariya". Shi kuma zai siffanta ta da baki ko da hannu ba tare da ya faɗe ta ba, sauran su canka cikin minti ɗaya. Mu Hausawa ai abin ba baƙo ba ne gare mu, ɗan'uwan kacici-kacici ne, inda wanda ya kasa sai ya ba da gari.

Wani zai ce wannan ai shirme ne, mutum yana fama da ciwo ina shi ina wasan yara? To, kaɗaici ba abin wasa ba ne. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Dakta Vivek Murthy, ya fitar da rahoto inda ya kwatanta haɗarin rashin cuɗanya da jama'a da na shan taba har kara 15 a rana. A shekarar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman a kan matsalar.

Ka dubi mai tarin fuka, wanda zai sha magani aƙalla wata 6, ga mutane suna gudunsa. Ko mai karɓar maganin ciwon daji, wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni har likita ya rage masa baƙi. Irin waɗannan idan zuciya ta karaya, abinci ma ya kan gagara, wani har ya yi sakaci da maganinsa. A cikin wasa kuwa, majinyaci daidai yake da kowa. Zai iya ka da yayansa, ya yi wa abokinsa tsiya, a yi dariya tare. Na ɗan wannan lokaci ya koma Malam wane da aka sani a gida.

Sai dai a kula. Wasa ba ya maye gurbin magani, kuma a ajiye waya idan likita ko nas sun zo. A sa abin saurare a kunne, domin na gadon kusa yana iya buƙatar barci. Kada a haska kyamara ga sauran majinyata, domin kowa yana da sirrinsa. Minti 15 zuwa 20 sun isa, da an ga alamar gajiya a tsaya. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa magana, a fara tuntuɓar likitansa, kada wasan ya zame masa abin takaici. Kuɗin data kuma masu lafiya su ɗauki nauyinsa, shi ma dubiya ce.

Saboda haka a daren yau, ka haɗa mutum uku ko huɗu ku kira ɗan'uwanku da ke kwance. Ku gaishe shi, ku yi masa addu'a, sannan ku ba shi kalmar farko.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.