Obin mai aiki biyu: Ana saye da tsada, ana kashe shi da ganganci

A yau da wuya a shiga kicin ɗin amarya a Kano, Kaduna ko Abuja ba a ga na'urar ɗumama abinci ta maikirowef a saman kanta ba. Iyayen da suka fi hali ma sun wuce nan, sun koma sayen mai aiki biyu, wadda ke ɗumama abinci kuma take gasa kaza da kek kamar obin.

Sai dai a ranar jere, abin da ake fara yarwa tare da kwali shi ne ɗan littafin bayanin da ya zo da na'urar. A ɗora ta a lungu, a lulluɓe ta da kyalle mai ado, a jona ta a soket ɗaya da firji da butar lantarki. Bayan 'yan watanni sai a ji ana cewa ai kayan zamani ba su da ƙarko.

Sau da yawa laifin ba na na'urar ba ne, na riƙo ne. Kuma asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba, domin akwai ƙuna, akwai gobara, akwai jan wutar da ke iya kisa.

Abin da ake tsoro da abin da ya kamata a ji tsoro

Tsoron da ya fi yawo a zaurukan WhatsApp shi ne wai abincin da aka ɗumama a maikirowef yana jawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da bayyana cewa na'urar ba ta da illa matuƙar an bi ƙa'idar amfani da ita, kuma ba ta barin wani tururin guba a cikin abinci.

Na'urar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1945 wani injiniyan kamfanin Raytheon a Amurka, Percy Spencer, ya gano cewa igiyoyin da na'urar rada ke fitarwa suna dafa abinci. Ta farko da aka kai kasuwa a 1947 ta kusa kai tsawon mutum, nauyinta ya haura kilo 300. Sai a 1967 aka fitar da ƙarama ta ɗorawa a kan kanta.

Yadda take aiki shi ne, wani ɓangare da ake kira maganetiron yana fitar da igiyoyi dangin na rediyo, waɗanda ke girgiza ƙwayoyin ruwan da ke cikin abinci har su yi zafi. Da zarar an buɗe ƙofa, makunnan da ke jikinta sun katse igiyoyin. Ragar ƙarfen da ake gani a gilashin ƙofar ita ke hana su fitowa, saboda tsawon igiyar ya kai kusan santimita 12, ramukan ragar kuwa ƙanana ne ƙwarai.

Ke nan inda ake buƙatar lura shi ne ƙofar. Idan ta lanƙwashe, ko gilashin ya tsage, ko sai an danna ta da hannu kafin na'urar ta tashi, to a daina amfani da ita. Ɗaure ƙofa da waya ko cusa takarda a makunni don ta ci gaba da aiki wasa da lafiya ne.

Na'ura ɗaya, ƙa'ida uku

Babban abin da ke rikita masu obin mai aiki biyu shi ne, akwati ɗaya ne amma hanyoyin girkinsa sun bambanta, kuma kwanon da ya dace da wannan haɗari ne a wancan.

Hanya ta farko ita ce ta maikirowef zalla. A nan ƙarfe haramun ne. Kwanon silba, samira, langa, cokali, takardar foyil da aka naɗo balangu a ciki, gwangwanin madara da aka dafa alala, har da farantin tangaran mai zanen ruwan zinare a baki, duk suna iya haddasa tartsatsi da zai ƙona bangon ciki ko ya lalata maganetiron. Abin da ya dace shi ne gilashi mai jure zafi, tangaran marar ado na ƙarfe, ko robar da aka yi wa alamar maikirowef a ƙasanta.

Hanya ta biyu ita ce ta gashi, wadda a kan maɓallinta aka fi rubuta "Convection". A nan wata waya ce ke yin ja, fanka kuma ta riƙa zagayawa da iska mai zafi, zafin na iya kaiwa digiri 200 ko sama da haka. Gwangwanin kek da tiren ƙarfe ba su da matsala, amma roba za ta narke, takarda kuma za ta iya kamawa da wuta.

Hanya ta uku ita ce ta haɗaka, mai alamar "Combi", inda igiyoyin da iska mai zafi ke aiki tare. A nan roba ba ta shiga, ƙarfe ma ba ya shiga, in ban da ragar da ta zo da na'urar idan littafinta ya amince. Gilashi mai jure zafi da tangaran su ne mafita.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a gama gasa kek, a manta tiren ƙarfe a ciki, wani ya zo ya danna maikirowef don ɗumama shayi. Ko kuma a gama gashi, cikin na'urar na da zafi, a tura robar miya. Duba maɓalli da duba cikin akwatin kafin a kunna ba ya cin daƙiƙa biyar.

Leda, jarida da robar sayar da abinci

Al'adar ɗumama tuwo a cikin ledarsa ko tsire a cikin jaridar da aka naɗo shi ta zama ruwan dare. Leda tana narkewa ta manne da abinci, musamman mai maiƙo, jarida kuma tana da tawada, tana kuma iya kamawa da wuta. Haka farar robar kumfa ta sayar da abinci, wadda gwamnatin jihar Legas ta haramta a watan Janairun 2024, ba a yi ta don jure irin wannan zafi ba.

Farantan melamin, waɗanda ake so saboda ba sa saurin fashewa, su ma ba na maikirowef ba ne. A juye abinci a kwanon da ya dace, a rufe shi da murfin da ke barin tururi ya fita.

Abincin da ke cutarwa a ɓoye

Igiyoyin maikirowef ba sa shiga cikin abinci fiye da 'yan santimita, kuma ba sa ɗumama ko'ina daidai. Shi ya sa gefen shinkafa ke ƙona baki alhali tsakiyarta da sanyi. A wannan wuri mai sanyi ƙwayoyin cuta ke tsira.

Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce ragowar abinci ya kai zafin digiri 74 zuwa 75 a ko'ina. Wanda ba shi da ma'auni sai ya tsaya a tsakiyar lokaci ya juya abincin, ya tabbatar tururi na tashi daga tsakiya, sannan ya bar shi minti ɗaya ko biyu kafin a ci.

Ɗumamawa kuma ba ta gyara abin da ya riga ya lalace. Shinkafar da ta yini a waje cikin zafi na iya ɗauke da gubar wata ƙwayar cuta da zafin ɗumame ba ya kashewa. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, a lokacin bazara ma awa ɗaya.

Madarar jariri da kununsa sun fi komai buƙatar hattara. Kwalbar na iya zama da ɗumi a hannu alhali wani sashe na madarar ya isa ya ƙona bakin yaro. Ya fi aminci a tsoma kwalbar a ruwan ɗumi.

Ƙwai da ɓawonsa yana fashewa, wani lokaci ma bayan an fito da shi. Dankali da duk abin da ke da fata a huda shi da cokali mai yatsu tukuna. Ruwa zalla a kofi mai santsi na iya wuce zafin tafasa ba tare da ya nuna ba, sai an zuba sukari ko ganyen shayi ya yi tsalle zuwa fuska. Busasshen barkono kuwa, idan aka buɗe ƙofa, yajinsa ido da maƙogwaro yake nufa. Suya da mai mai yawa ba aikin wannan na'ura ba ce.

Wutar lantarki ita ce babbar matsala

Obin mai aiki biyu yana cin wuta sosai. Ɓangaren maikirowef kaɗai yakan ja wat 1,200 zuwa 1,500, na gashi kuma a wasu samfuran yana kaiwa wat 2,000 ko ya haura. Ainihin adadin yana rubuce a takardar da ke manne a bayan kowace na'ura.

Wannan na nufin ƙaramin janareta mai wat 650 zuwa 950 ba zai ɗauke shi ba, haka ƙaramar inbata ta sola. Haka kuma wayar jona kaya mai araha, wadda aka riga aka ɗora wa firji da cajar waya, za ta yi zafi ta narke. Na'urar na buƙatar soket nata na bango, mai wayar ƙasa da ke kare mutum daga jan wuta. Karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket kuskure ne babba.

Idan wuta ta zo da rauni, ƙwan ɗaki na ja-ja, a haƙura da kunnawa. Idan an ɗauke wuta, a kashe soket, domin dawowarta da ƙarfi na ƙona allon maɓallai. Mai sayen sitabilaiza ya tabbatar ƙarfinta ya haura abin da na'urar ke ja.

Masu sayen na gwanjo su karanta takardar bayan kafin su biya. Wutar Najeriya bolt 230 ce. Na'urar da aka yi don Amurka ta bolt 120 ce, ta Japan kuma 100. Jona irin waɗannan kai tsaye ƙonewa ce nan take.

Akwai kuma lissafin aljihu. Gashin rabin awa a wat 2,000 yunit ɗaya ne cif. Tun da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, wannan lissafi ya zama dole. Ɗumamen minti uku kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na yunit ba.

Wurin ajiya da tsafta

Na'urar na shaƙar iska ta ramukan da ke gefenta da bayanta. Kyallen ado, tarin kwanuka a samanta, ko matse ta a cikin kabad suna toshe waɗannan ramuka. A bar mata sarari a gefe da baya, a bar mai yawa a sama, gwargwadon abin da littafinta ya faɗa. A nesanta ta da murhun gas da wurin wanke-wanke.

A lokacin gashi jikinta da gilashin ƙofa suna zafi sosai, saboda haka a ɗora ta inda hannun yara ba ya kaiwa, a kuma yi amfani da makullin yara idan tana da shi. Bayan an gama, fankar ciki takan ci gaba da juyawa don ta huce. A bar ta ta tsaya da kanta kafin a kashe soket.

Kada a kunna maikirowef babu komai a ciki, domin igiyoyin za su koma kan maganetiron. Ɓangaren gashi kaɗai ake ɗumamawa fanko kafin a sa kek ko burodi.

Maiƙon da ya fantsama a bango shi ne makamashin gobara. A goge shi da tsumma mai laushi bayan na'urar ta huce kuma an cire fulogi. Idan ya bushe, a sa kwanon ruwa da yankakken lemon tsami a kunna na 'yan mintuna, tururin zai jiƙa shi. Soson ƙarfe yana kankare fenti, tsatsa ta biyo baya, tartsatsi ya biyo tsatsa.

A bangon ciki akwai wani ɗan falle mai kama da kwali. Ba kwali ba ne, kuma ba a cire shi, domin ta nan igiyoyin ke shigowa. Idan ya ƙone ko ya huje sai a canza shi. Ƙurar hunturu da kyankyasai ma na shiga ta ramukan iska su lalata allon wuta, don haka sharar bayan na'urar na cikin kulawa.

Idan wuta ta kama a ciki, kada a buɗe ƙofa. A kashe na'urar, a cire fulogi ko a kashe wutar gidan, a bar ƙofar a rufe har wutar ta mutu saboda rashin iska. Ba a watsa ruwa a kan kayan lantarki.

Ba kowane mai gyara ba ne

A cikin na'urar akwai ma'ajiyar caji da ke aiki da wutar da ta kai bolt 2,000, kuma tana iya riƙe cajin bayan an cire fulogi. Taɓa ta na iya kashe mutum. Maigida mai son gwada sa'a da sukundireba, ko yaron da ke koyon gyaran rediyo, kada su kwance murfin. Aikin wanda ya san na'urar ne, kuma idan ya ce maganin matsalar shi ne a cire makunnin ƙofa ko a ɗaure fis da waya, a ɗauke kaya a tafi.

Wa ke da alhaki?

Nauyin bai tsaya kan uwargida kaɗai ba. Dillalan da ke shigo da waɗannan kaya suna cin kasuwar Arewa, amma littattafan bayanin suna zuwa da Turanci da wasu harsunan waje. Takarda ɗaya da Hausa, mai hotunan abin da ke shiga da wanda ba ya shiga, ba za ta karya jarin kowa ba.

Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON na da aikin sa ido kan kayan lantarkin da ke shigowa, musamman wayoyin jona kaya marasa inganci da suka cika kasuwa. Masu shago kuma su ɗauki minti biyar su nuna wa mai saye bambancin maɓallan.

A cikin gida, duk wanda zai taɓa na'urar, daga 'yar aiki har ƙannen amarya, ya kamata a koya masa. Iyayen da suka kashe dubban nairori wajen sayen obin su ƙara da abu ɗaya da ba ya cin ko kwabo: a ranar jere, a ciro littafin nan daga kwali, a miƙa shi a hannun amarya.