Kafin ka sayi "bindigar Bajamushe", duba lamba da hatimi

Bayan rasuwar Baffanmu a Maiganga, da aka zauna rabon gado, sai aka jawo wani ɗan akwatin katako daga ƙarƙashin gado, gara ta ci gefensa guda. A ciki akwai bindigar hannu mai dogon baki, mai cin harsashi ɗaya tak, irin wadda Turawa ke gasar harbi da ita. A jikinta an buga sunan Saint-Etienne, garin maƙeran bindiga na ƙasar Faransa. Wani Bafaranshe mai kanti, wanda Baffa ya yi wa direba kafin 'yancin kai na 1960, shi ya bar masa ita da zai koma gida. Ba wanda ya taɓa ganin Baffa ya harba ta. Shekara-shekara dai yakan shafa mata mai ya mayar.

Bindigar ta faɗo a rabon babban ɗansa. Da ya ji an ce masu tara kayan tarihi na biyan kuɗi mai tsoka, sai ya kai ta garejin masu gyaran babur. Aka goge ta da samfefa har ta yi fari fat, aka fesa mata baƙin fenti, kafinta ya sassaƙa mata sabon mariƙi. Akwatin kuwa, da wata tsohuwar takarda da ke cikinsa, aka watsar a bola.

Na ce masa, "Yaya, me ka yi mata haka?"

Ya ce, "Gyara mana! Ba ka ga yadda take ɗaukar ido ba?"

Da dillalin kayan da ya zo daga Duwala, ya juya ta sau biyu ya ajiye. Abin da ya faɗa bai wuce wannan ba: "Alhaji, da ka bar ta da dattinta, da mun yi ciniki." Garin gyaran gira an rasa ido.

Abin da nake so mai karatu ya gane shi ne, a wannan harka ma'auninmu na kasuwa juye yake. Mu mun saba cewa kaya mai ƙyalli shi ne mai tsada. Shi kuwa mai tara tsoffin bindigogi, abin da yake saye shi ne asali, wato bindigar ta iso hannunsa yadda ta fito daga masana'anta. Wannan baƙi-baƙin launi mai shuɗi-shuɗi da ke jikin ƙarfenta ba fenti ba ne, rini ne da ake yi wa ƙarfen da sinadari tun a masana'anta. In ya koɗe saboda shekaru ba laifi, shaida ce. In aka kankare shi, ya tafi ke nan, kuma samfefa ba ta tafiya ita kaɗai, sai ta haɗa da kaifin rubutu da hatimin da ke jiki.

Wancan ɓarnar mai sayarwa ce. Ta mai saye ta fi ciwo, don shi da kuɗinsa yake sayen ƙarya.

Duk wanda ya zauna a Garwa ya san labarin "bindigar Bajamushe". Tarihin kam gaskiya ne. A watan Yunin 1915 sojojin Jamus da ke Garwa, ƙarƙashin kwamandansu von Crailsheim, suka miƙa wuya ga sojojin Ingila da Faransa. A dutsen Mora kuma von Raben ya dage har watan Fabrairun 1916. Kafin su, an kashe Rabe a Kusuri a 1900. Saboda haka makaman wancan zamani sun shigo ƙasar nan, ba musu. Amma fa in aka tara duk bindigogin da aka taɓa cewa na kwamandan Garwa ne, sai ka rantse mutumin da rumbu ya zo yaƙi. Labari ba ya tsatsa, kullum sabo ake ƙera shi. Kuma mu Hausawa da muka daɗe muna fataucin kayan tarihi daga Fumban zuwa Duwala har Turai, mun fi kowa sanin yadda ake tsufar da sabon abu da hayaƙi da ƙasa.

To me za ka duba?

Fara da lamba. Bindigar Luger, wadda sojan Jamus ya ɗauka a 1908, tana da cikakkiyar lamba a jikinta, sannan an maimaita alƙaluma biyu na ƙarshe a kan ƙananan sassanta. In lambar ta ƙare da 47 ka tarar da 12 a wani sashe, to haɗe-haɗe ce, an kwaso daga bindigogi daban-daban. Masu wayo kan goge su sake bugawa, amma wurin da aka goge yakan ɗan lotsa, kuma sababbin alƙaluman ba sa yin kama da 'yan uwansu. Fito da ita rana ka karkata, ido zai gaya maka.

Sai hatimin gwaji. Manyan garuruwan ƙera bindiga na Turai, irin su Liyej a Beljiyam da Bamingam a Ingila da Saint-Etienne, suna da gidan gwaji da ke buga wa bindiga hatimi bayan an jarraba ƙarfinta. Na Liyej haruffa uku ne, ELG, a cikin da'ira mai siffar ƙwai. Daga 1893 aka fara ɗora wa da'irar kambi a kai. Wata rana an nuna mini wata doguwar bindiga aka ce da ita aka yi jihadi tare da Modibbo Adama. Na duba, ga kambi zaune daram. Modibbo Adama ya rasu a 1847. Na mayar wa mai ita abinsa cikin girmamawa, ban ce komai ba, don dattijo ne, kuma na yi imani shi ma haka aka gaya masa. A kula dai, rashin kambin ba ya nufin ta girmi 1893, domin Liyej ta ci gaba da ƙera bindigogin ɗuri don kasuwar Afirka har cikin ƙarni na 20.

Bindigar gasa kuma tana da nata sirrin. Ba don yaƙi aka yi ta ba, don saiti aka yi ta: baki mai nauyi, kunama mai laushi, abin saiti da ake murɗawa sama da ƙasa, harsashi ƙarami. Masu gasa sun saba taɓa kayansu, su fere mariƙi ya dace da tafin hannunsu, su canza abin saiti. Shi ya sa samun wadda ba a taɓa ba yake da wuya, shi ya sa kuma take tsada, ko Hämmerli ce ta Suwizalan, ko Walther Olympia ta Jamus, ko Colt Woodsman ta Amurka. Dubi kan kusoshinta, in bakinsu ya cinye, an sha kwance ta. Leƙa cikin bututun, in zanen da ke murɗe a ciki ya shafe ko ya yi ramuka, ba ta ƙara harbi daidai. Akwati na asali da rasit da 'yan kayan gogewa kuwa, wani lokaci su ne ke ɗaga farashi fiye da komai. Irinsu Yaya ya zubar.

Na san wani zai ce, a wannan marra, da zargina da masu garkuwa da mutane suka addabi makiyayan Mbere, ga makaman da suka tsallako daga Afirka ta Tsakiya tun rikicin 2013, wa ke da lokacin hirar tsohuwar bindiga? Ni kuwa a ganina wannan ne ma dalilin yin maganar. Dokar makamai ta Kamaru ta 14 ga Disamban 2016 ta kasa makamai kashi takwas, kuma ta ware wa na gasar harbi da tsoffin makaman ajiya nasu rukunin. Ma'ana, tsufa ba ya fitar da bindiga daga idon hukuma. A watan Afrilun 2018 ma ministan harkokin cikin gida, Paul Atanga Nji, ya dakatar da sayar da makamai da harsasai a yankuna shida, har da Adamawa. Jandarman da ya tsayar da kai a hanyar Garwa-Bulai ba zai tsaya karanta hatimin Liyej ba, takarda zai tambaya. Dillalin da ya ce maka "ai wannan kayan tarihi ne, ba ta buƙatar takarda", ka bar masa kayansa. Kafin kuɗi su fita daga aljihunka, ka taka ofishin hukuma ka ji matsayinta. Kuma don Allah kada a ce za a gwada ta da harsashin zamani a ga ko tana aiki. Tsohon ƙarfe na iya fashewa a hannu.

In da za a bi tawa, wanda ya gaji irin wannan abu kada ya yi gaggawar sayarwa. Ya yi mata rajista, ya shafa mata mai kaɗan, ya ajiye inda yara ba sa kaiwa. Sannan ya samu tsofaffin gidan tun suna raye ya rubuta abin da suka sani: wa ya kawo ta, yaushe, a kan me. Wanda ba zai iya riƙewa ba, fadar Lamido ta fi hannun dillali.

Ta Baffa dai tana nan wurin Yaya, baƙa wuluk, fentin har ya fara ɓarewa. Makon jiya na je gaida Goggo, na tambaye ta sunan Bafaranshen nan mai kanti. Ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce sunan yana rubuce a takardar da ke cikin akwatin.