KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KWASHE KUƊI

A wannan mako za mu yi tsokaci ne a kan na'urar nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, da kuma haƙƙin masu fasaha.

Ita dai wannan na'ura ba ta zo duniya da ilmi ba. Ana ɗura mata littattafai da waƙoƙi da hotuna ne miliyoyi, ta naƙalci salonsu, sa'an nan ta riƙa fitar da irinsu, kamfani yana sayarwa. To, su waɗanda aka ɗebi guminsu fa, wa ya nemi izininsu, kuma nawa aka biya su?

A kan irin wannan tambaya, haɗe da batun albashi, marubutan fina-finai na Amurka suka yi yajin aiki na kwana 148 a 2023, 'yan wasa kuma suka yi na kwana 118. Ba su koma ba sai da aka yarda cewa ba za a lissafa na'ura a matsayin marubuci ba, ba kuma za a kwaikwayi fuskar ɗan wasa ko muryarsa ba sai da yardarsa, tare da biyansa.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mawaƙanmu sun daɗe suna shan wannan ƙwarar, tun zamanin masu satar kaset har zuwa masu tura waƙa a waya. Yau kuwa, da 'yan faya-fayai kaɗan, ana iya sa muryar marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ta rera abin da bai taɓa faɗa ba, har ta yabi wanda bai taɓa sani ba. Asarar ba ta kuɗi ba ce kaɗai, har da mutunci.

Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta kāre waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Amma doka ba ta tashi ta kai kanta kotu. Wajibi ne ƙungiyoyin marubuta da mawaƙa da 'yan fim su haɗa kai, su tsaya a kan abu uku: a nemi izini, a ambaci suna, a biya lada. Magada kuma su tattara faya-fayan iyayensu, su rubuta abin da suka mallaka.

Ba ma ƙin na'ura ta koyi Hausa, muna ma so. Amma almajirin kirki ba ya manta kuɗin Laraba.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.